Tafet sabo ko na hannu: wanne za a mayar wa injin da aka sauke?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Golf 3 mai inji 1.8, bawul takwas, ina haya da ita tsakanin Kano da Katsina. An sauke injin za a canza ringin fistin da metal, wato ƙarafan da kirankshaf ke juyawa a kansu, kan injin kuma an kai an wasa bawul. Kafin a sauke yana ƙarar tafet da safe, wani lokacin ko ya yi zafi ba ya dainawa. Bakanikena ya ce a mayar da tsofaffin tafet ɗin, in kuma ban yarda ba mu sayo 'yan Beljiyam a Ƙofar Ruwa, don a cewarsa sun fi sababbin yanzu ƙarko. Mai shago kuma ya ce in sayi sababbi a kwali in huta. Kamshaf ɗin tsohon nan ne, sai in an ga ya ci za a canza. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya sa a haɗa lafiya, ya kuma ba da kasuwa.

Kafin a yi gardamar sabo ko tsoho, ka je garejin da kanka ka duba abu biyu. Na farko, da aka cire tafet ɗin nan takwas, wato 'yan kofunan ƙarfen da ke tsakanin kamshaf da bawul, an jera su an san wanne ya fito daga wane rami, ko kuwa yaro ya watsa su cikin roba ɗaya da kusoshi da noti? Na biyu, yaya tozon kamshaf ɗin yake, wato tudun nan da ke jikin sandar da ke juyawa a saman inji, wanda ke danna tafet ya buɗe bawul? Abin da ka gani a nan shi zai yanke hukunci, ba kwali ba, ba kuma kalmar Beljiyam ba.

A halin da ka bayyana, shawarata ita ce ka sayi sababbi takwas na ƙwarai, matuƙar kamshaf ɗin lafiya yake. Dalili shi ne injin yana ƙara har bayan ya yi zafi, ka ga akwai zargi a kan aƙalla ɗaya daga cikin tsofaffin, kuma yanzu da inji yake a wargaje babu hanyar da za ka tabbatar da wanne ne. Tsofaffin naka su ne na biyu a layi, da sharaɗin an san gurbin kowanne. 'Yan Beljiyam da ake tsinta ɗaya-ɗaya cikin kwando su ne na ƙarshe, kuma da nisa.

Bari in faɗi abin da ya sa.

Tafet da tozon da ke danna shi cin juna suke yi a hankali har su daidaita. In injinka yana juyi 3,000 a minti, kamshaf yana yin 1,500, wato tozo yana hawa kan kowane tafet sau 25 a daƙiƙa ɗaya. Inda suke haɗuwa kuwa ba faɗin fuskar gaba ɗaya ba ne, wani siririn layi ne, duk ƙarfin sifirin ɗin bawul a kansa yake sauka. Wurare kaɗan ne a cikin inji ke shan matsi irin wannan. Shi ya sa maƙera ba su ɗora tozon a tsakiyar tafet daidai ba, sun ɗan kauce da shi gefe, domin duk dannawar da zai yi ya ɗan juya tafet ɗin a raminsa, cin ya zagaye fuskar maimakon ya tsaya wuri guda. Fuskokin biyu kuma taurinsu a fata yake kawai. An ƙona saman ƙarfen ya yi tauri, can ciki kuwa ba haka yake ba. Muddin fatar nan tana nan, za su yi shekaru suna aiki. Ranar da aka huda ta, abin da ya rage ba ya jimawa.

A sa'o'in farko na aikin sabon inji, kowane tozo yana goge tafet ɗinsa, tafet ma yana goge tozonsa, har su yi santsi irin na juna. Kamar tsohon takalmi ne: naka ya san ƙafarka, na maƙwabcinka ko lambarku ɗaya sai ya yi maka kanta. In ka ɗauki tafet ɗin rami na uku ka sa a na bakwai, ko ka kawo na wani inji can daban, to tudun wannan zai hau kan tudun wancan, matsin ya taru a ɗan ƙaramin wuri, mai ya kasa tsayawa a tsakani. Wani lokacin su sake daidaitawa a wuce lafiya, musamman a inji mai sifirin mara ƙarfi irin naka. Wani lokacin kuma tafet ya daina juyawa, tozo ya haƙa masa kwari, shi kuma ya aske wa tozo kai. Ɓarnar ba a nan take tsayawa ba, domin garin ƙarfen da ke zuba cikin baƙin mai yake tafiya, famfon mai ya zuƙa kafin ya isa filta, abin da ya tsere kuma ya je ya sami sabon metal ɗin da ka biya kuɗi aka sa. Saboda ragin kuɗin tafet sai a sake sauke inji.

Daga nan ne ƙa'idar ta fito, kuma ba ta da wuyar riƙewa. Tsohon tafet a kan tozonsa na asali, a raminsa na asali, babu laifi in ya ci jarrabawa. Sabon tafet a kan tsohon kamshaf mai lafiya, shi ma babu laifi. Tsohon tafet a kan sabon kamshaf kuwa, kada a yi, ko kyauta aka ba ka. Masu ƙera kamshaf sukan sa wannan gargaɗin a takardar da ke cikin kwalin, kuma ba dabarar sayar da kaya ba ce. Saboda haka in bakanikenka ya ce kamshaf ya ci za a sa sabo, maganar tsofaffin tafet ta ƙare ke nan.

To yaya ake duba kamshaf? A wanke shi tas da kananzir, a fito da shi rana. Bi kowane tozo da farce, daga gindi zuwa ƙololuwa. In farcenka ya maƙale a wani zane, ko ka ga ƙananan ramuka a kusa da ƙololuwar, ko gefen tozon ya yi kaifi ya tashi, ya ci. A auna tsayin kowane tozo da maikuromita ko baniya, a gwada na bawul ɗin shigar iska da 'yan'uwansa na shiga, na fitar hayaƙi da na fita. Wanda ya gaza sauran a fili ya tafi. Kamshaf mai irin wannan ciwo zai cinye sababbin tafet ma, don haka ba a ɗora masa komai, canza shi ake yi.

Tafet ɗin kuma, irin naku mai siffar kofi ne, kifa shi ake yi a kan bawul. Goge samansa ka kalle shi a haske. Mai lafiya za ka ga sheƙi bai ɗaya, da ɗan zane mai zagaye-zagaye, shaidar yana juyawa. In ka ga tabo a miƙe, layi guda ya ratsa fuskar, ya daina juyawa tun tuni. Ɗora bakin ƙarfen awo madaidaici a kan fuskar ka ɗaga sama: in haske ya ɓullo ta tsakiya, fuskar ta lotsa, a jefar. Duba gefensa ma, inda yake goga jikin rami. Kan injin alminiyam ne, in gefen tafet ya yi kaushi to ramin ma a duba shi. Da ɗan mai a jikinsa ya kamata ya sauka ramin da nauyin kansa, sumul, ba cijewa, ba kuma girgiɗi.

Akwai abin da nake gani ana yi wanda ba na so ko kaɗan: a ɗauki tafet ɗin da ya lotsa a goga shi a kan samfefa ko dutsen wasa wai a daidaita fuskar. Sheƙi zai yi kam, amma fatar nan mai tauri ce aka ƙara ragewa.

Duk wannan fuska ce kawai. Matsalar irin tafet ɗinka ita ce rabin lafiyarsa a ciki take, inda ido ba ya kaiwa. Shi mai daidaita kansa da mai ne, shi ya sa ba a setin bawul a Golf 3 kamar yadda ake yi wa Peugeot 504. In ka kifa kofin za ka ga wani ɗan ƙaramin fistin a tsakiya. A cikinsa akwai 'yar ƙwallon ƙarfe, da ɗan sifirin, da ɗan ɗaki da mai ke cikawa. Lokacin da tozo ya kau da kai, mai yana shiga ɗakin ya tura fistin ɗin har ya taɓa kan bawul, ratar ta rufe. Da tozo ya danno, ƙwallon ta toshe ƙofa, man ya rasa mafita, tafet ya zama tamkar dunƙulen ƙarfe ya tura bawul. Ratar da ke tsakanin fistin ɗin da gidansa ba ta kai kaurin gashi ba, nesa ba kusa ba, kuma ta nan ne aka tsara ɗan mai kaɗan zai riƙa tsiyayewa. In datti ya hana ƙwallon zama daidai, ko fistin ya ci ratar ta buɗe, man zai gudu da sauri, tafet ya yi laushi, ka ji kas-kas-kas. In kuma dauɗar tsohon mai ta daskare ta riƙe fistin ɗin a sama, bawul ba zai rufe sosai ba, inji ya riƙa rawa a sulo, daga baya bawul ɗin ya ƙone.

Ka ga dalilin da ya sa nake ɗari-ɗari da na kwando. Je ka tsaya gaban mai sayar da su ka gani: kofuna sun fi hamsin a daro, na inji kala-kala, wasu da tsatsa a gefe, ƙurar hunturu ta shiga ramin man kowanne ta haɗu da tsohon mai ta zama laka. Mai kaya zai ɗauki ɗaya ya danna fistin da babban yatsa ya ce maka "ka ji shi da tauri, garau yake". Wannan gwajin ba ya gaya maka komai. Mai tauri yana iya zama lafiyayye cike da mai, yana kuma iya zama wanda ya daskare. Mai laushi yana iya zama matacce, yana kuma iya zama lafiyayyen da mansa ya tsiyaye don an ajiye shi ba daidai ba. Ba ka san kilomita nawa ya yi ba, ba ka san irin man da ya sha ba, ba ka san ko injin da aka ciro shi bugawa ya yi ba.

Amma fa bakanikenka ba maganar banza ya yi ba. Gaskiya ne ƙarfen da ya zo da motar daga kamfani ya fi yawancin abin da ke cika shaguna yanzu. Inda muka rabu da shi shi ne yadda za a sayi na hannun. In aljihu ya ce sai na Beljiyam, to a sayi kan inji guda da ba a kwance ba, ko a tsaya a gabanka a buɗe kan inji ɗaya a cire kamshaf da tafet ɗinsa takwas tare. Ka tafi da kiret ɗin ƙwai, ka rubuta 1 zuwa 8 a jikinsa daga ɓangaren bel ɗin taimin, duk wanda aka ciro a sa shi a gurbinsa nan take. A ajiye su fuskar da tozo ke dannawa tana ƙasa, bakin kofin yana sama, don kada mai ya tsiyaye iska ta shiga. Leƙa cikin kan injin kafin ka biya: in ƙarfen ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai haske, mai shi yana juye mai a kan kari. In baƙar laka ce ta lulluɓe ko'ina, bar musu kayansu. Irin wannan saye, kamshaf da tafet ɗinsa daga inji mai tsabta, na fi yarda da shi a kan sabon da ba a san asalinsa ba.

Wannan ya kawo mu kan mai shago da kwalinsa. Sabo suna ne kawai in ba a san wanda ya yi shi ba. Jabun tafet ya fi tsoho haɗari, domin abin da ake ha'inci a kansa shi ne daidai abin da ba ka iya gani: taurin fuska da ratar ciki. Akwai wanda sati biyu fuskarsa ta lotsa ya tafi da kamshaf mai lafiya. Kamfanin INA na Jamus yana cikin masu ƙera wa kamfanonin mota irin wannan tafet tun asali, akwai kuma sanannun sunaye kamar Kolbenschmidt da Febi, sai dai suna a kwali ba hujja ba ne, tunda kwali ya fi ƙarfe sauƙin kwaikwayo. Ka sayi wurin wanda bakanikenka ya saba da shi, wanda in kaya ya ba da matsala za a iya komawa a yi magana. Ka tafi da tsoho ɗaya a aljihu. A auna faɗi, naku milimita 35 ne, a gwada tsayi da wurin ramin mai da zurfin fistin ɗin ciki, su zo ɗaya da tsohon. Duba bakin ramin man: na ƙwarai a share yake, jabu sau da yawa za ka ga ɓurɓushin ƙarfe a bakin. Fuskar ta zama sumul, ba zanen dutsen wasa mai kaushi. In kuma farashin ya faɗi ƙasa da na kowa a layin da nisa, ka san dalili. Takwas ɗin su zama na kamfani ɗaya.

Wani zai ce me ya sa ba za a canza guda ɗaya ko biyun da suka mutu kawai ba. Ana yi, kuma daidai ne, amma a injin da yake a haɗe, inda za a iya gano mai laifin. Littafin gyaran Volkswagen ya ba da hanyar: a tayar da inji ya yi zafi har fanka ta tashi, a riƙe shi a juyi 2,500 na minti biyu. In ƙarar ba ta ɗauke ba, a kashe, a buɗe murfin sama, a juya inji har tozon da ake zargi ya kalli sama, a danna tafet ɗin da ɗan katako ko roba, ba sukundireba ba. Wanda ya nutse kafin bawul ya motsa, har rata ta bayyana tsakaninsa da kamshaf, shi ne. Da an yi wannan kafin a sauke injinka da yanzu an san gaskiya. Tunda ba a yi ba, kuma dukkansu shekarunsu ɗaya, mai ɗaya suka sha, canza takwas ɗin ya fi kwanciyar hankali. Ƙarar daƙiƙa biyu-uku da safe kuwa, wadda ke ɗaukewa da zarar mai ya hau, ba ciwo ba ce, littafin ma ya faɗi haka.

Yanzu ga abin da nake jin tsoro ya fi zaɓin tafet ɗin kansa muhimmanci a aikinka. Ka ce an wasa bawul. Duk lokacin da aka yanke kujerar bawul ko aka wasa ta da yawa, bawul yana ƙara nutsewa, jelarsa ta ƙara tasowa sama wajen kamshaf. Tafet mai aiki da mai yana da iyakar abin da zai iya shanyewa. A wannan injin, in aka ɗora ƙarfe madaidaici a saman kan injin aka auna zuwa kan jelar bawul, kada ya gaza milimita 33.8 a na shiga, 34.1 a na fita. In ya gaza haka, ko tafet ɗin daga Jamus ka ɗauko shi da hannunka, bawul ba zai zauna ba. Masu wasa bawul da yawa ba sa wannan awon sai an nema. Ka nema.

Na biyu, ƙarfin mai. Kan inji shi ne na ƙarshe da mai ke isa, tafet kuma da ƙarfin man yake rayuwa. Sau da yawa ƙarar da ake ɗora wa tafet laifin famfon mai ne da ya gaji, ko rariyar da ke zuƙo mai daga ƙasa ta toshe, ko metal ya buɗe mai yana zubewa a can ƙasa kafin ya hau. Ƙarar da ke zuwa bayan inji ya yi zafi ta fi kama da wannan, domin mai ya tsinke. Tunda inji a buɗe yake, a buɗe famfon a duba, a wanke rariyar, a busa hanyoyin mai na kan inji da iska har sai sun fita fes. Man wasa bawul yashi ne, in ya saura a lungu zai bi mai ya shiga cikin sababbin tafet ɗin. Sannan a ja wa yara kunne kan gam ɗin gasket. Wanda aka lafta ya matso ta ciki, yankewa yake yi ya je ya zauna a rariya. Bayan an haɗa, a sa agogon awo a gwada: da mai a zafin digiri 80, a juyi 2,000, ƙarfin kada ya gaza 2 a ma'aunin "bar" na agogon.

Wajen haɗawa, a shafa mai a gefen kowane tafet da fuskarsa da tozon kamshaf, kada a tayar da su a bushe. Kada a tsaya ana matsa musu mai da ƙarfi wai a cika su, domin wanda ya cika fiye da kima zai riƙe bawul a buɗe. Bayan an ɗaure kamshaf a bar injin ya huta minti 30 kafin a tayar, tafet su sauka su daidaita, in ba haka ba bawul na iya gaisawa da fistin. Sannan a juya inji da hannu zagaye biyu, a ji babu inda ya cije. Da ya tashi zai yi ƙara na ɗan lokaci kafin iskar ciki ta fita, kada hankalinka ya tashi.

Tunda masu wasu motocin ma za su karanta, bari in ɗan faɗaɗa, don hukuncin ba ɗaya ba ne a kowane inji.

Inda ƙa'idar nan ta fi tsanani shi ne injin da kamshaf ɗinsa ke ƙasa cikin bulok, yana tura bawul da sanduna, kamar Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da tsofaffin Land Cruiser masu injin 2F da 3F, da tsofaffin V8 na Amurka. A yawancin irin waɗannan, fuskar tafet ba a shafe take ba, tana da ɗan tudu a tsakiya wanda ido ba ya gani sosai, tozon kuma an ɗan karkata shi, haɗuwar biyun ce ke juya tafet. In ka haɗa fuskokin biyu masu lafiya za ka ji suna ɗan lilo a kan juna. In suka manne daram, tudun ya tafi. Kamshaf ɗin kuma galibi da feshin man da kirankshaf ke watsowa yake samun mai, shi ya sa in an sa sabon kamshaf da sababbin tafet ba a barin inji a sulo. Da ya tashi ake ɗaga shi zuwa juyi 2,000 zuwa 2,500, ana ɗan hawa ana sauka, na minti 20 zuwa 30. Mutanenmu sun saba da cewa sabon inji a bar shi a sulo ya yini, to ga kamshaf irin wannan babu abin da ya fi wannan cutarwa. Na 504 ba mai daidaita kansa ba ne, da fila, wato siririn ƙarfen awon rata, ake seti inji a sanyaye, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita. Tunda babu komai a cikinsa, tsohon da fuskarsa ke da kyau kuma aka san raminsa ana mayar da shi ba fargaba.

A Amurka maganar baƙin mai ta shigo cikin wannan sosai. Akwai sinadarin zinki da fosfaras da ake sa wa mai, ZDDP, wanda ke yin 'yar fata a kan ƙarfe inda matsi ya yi yawa. Daga ma'aunin API SM na 2004 an taƙaita fosfaras a mai marasa kauri zuwa kashi 0.08 cikin ɗari, don kare tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa. Masu tsofaffin V8, musamman waɗanda suka sa sifirin mai ƙarfi, sun sha asarar kamshaf a shekarun da suka biyo baya, har man fara aiki na musamman ya zama abin da kowa ke nema. Taƙaitawar ba ta hau kan mai kauri irin 20W-50 ba. Golf ɗinka da sifirin ɗinta na kamfani ba ta cikin wannan damuwar. Abin da zai kashe mata tafet shi ne man kwalba na bakin titi, da filta mara bawul ɗin hana mai komawa, da jan lokaci kafin juye.

Toyota Corolla mai injin 1ZZ, irin ta 2003 zuwa 2008, labarinta daban. Kofin nata dunƙulen ƙarfe ne, ba mai a ciki, ba shim (ɗan faifan ƙarfen da ake sawa don daidaita rata), kaurin kofin kansa shi ne setin. Girma 35 ake yin su, daga milimita 5.06 zuwa 5.74, lambar tana rubuce a ciki. Ratar da ake nema inji a sanyaye 0.15 zuwa 0.25 ce a na shiga, 0.25 zuwa 0.35 a na fita. A nan in aka cakuɗa su ba cin fuska kaɗai ba ne, setin bawul goma sha shida ne ya rikice gaba ɗaya. Kuma a nan ne na hannu ke da amfani na gaske, domin in an wasa bawul rata ta ragu, lamba kaza kake nema, kuma sau da yawa wurin masu na hannu za ka same ta. In fuskar tana sheƙi ba lotsawa, aka kuma auna kaurin da maikuromita ba a dogara da lambar kaɗai ba, ni ba na hanawa.

Sai tafet masu 'yar taya a ƙasa, waɗanda ke gangarawa a kan tozo maimakon goga shi. Ford ta sa su a injin 5.0 na Mustang a 1985, GM ta biyo a ƙananan V8 na motocinta a 1987. Tunda gangarawa suke yi, ba sa cin juna da tozo yadda marasa taya ke yi, don haka ana iya mayar da tsoho ko a kan sabon kamshaf, in tayar tana juyawa sumul, ba ƙaiƙayi a yatsa, ba girgiɗi, ba tabo. Haka injin 2GR na Camry V6 da Sienna da Highlander, inda roka, wato ɗan hannun ƙarfen da ke danna bawul, mai taya ce ke taɓa kamshaf, ɗan abin da ke daidaita rata da mai kuma yana zaune a gefe ba ya gogar komai. Amma injin 5.3 na Tahoe da Suburban daga 2007, mai kashe silinda huɗu in ba a buƙatar ƙarfi, tafet ɗin waɗannan silindojin sun yi suna wajen maƙalewa, kuma sai an cire kan inji ake kai musu. Haka Hemi 5.7, inda allurai na cikin tayar ke lalacewa tayar ta tsaya ta ci kamshaf. A waɗannan biyun ban ga hikimar mayar da tsoho ba, kuɗin aikin sake buɗewa ya ninka kuɗin kayan. A canza har da robar da ke riƙe su kada su juya.

Mu dawo kan Golf ɗinka. Abin da ya sauƙaƙa naka shi ne tafet ɗin a sama suke, cire murfi da kamshaf kawai ake yi a kai musu. Don haka in kuɗi sun ƙare a ringi da metal, kuma ka tarar an jera tsofaffin bi da bi, fuskokinsu lafiya, kamshaf lafiya, kana iya mayar da su kowanne raminsa, a tayar da inji, a yi gwajin katakon nan, a canza wanda ya faɗi. In kuwa ka tarar da su a roba ɗaya da kusoshi, kada ka bari a yi maka canki-canka, sayi sababbin. Bayan an haɗa, ka juye mai da filta da wuri, kamar bayan kilomita 800 zuwa 1,000, ka sa a tari man a kwano mai tsabta ka kalle shi a rana. Ɗan ƙyalli kaɗan a juyen farko ba abin tsoro ba ne. In ka ga ɓurɓushin da maganaɗisu ke kamawa, a buɗe murfin sama a duba tozo ɗaya bayan ɗaya kafin motar ta sake hawa hanyar Katsina. In kuma sababbin sun ci gaba da ƙara bayan inji ya yi zafi, a fara sa agogon awon mai tukuna kafin a koma wa mai shago da faɗa.